Tsuntsayen Judah a Ɗakin Inna

Lahadi, 8 ga Oktoba, bayan Azahar

Maman Susan ta kawo tsuntsayen. Ko coci ba ta je ba yau. Da zanen gida ta zo, rungume da kwalin taliya ta lulluɓe shi da tawul. Sau uku ta yi sallama a zaure kafin na fito, alhali tun ta farko na ji ta.

Biyu na yi kamu a wurin mijinta, huɗu ta kawo.

Zan rubuta komai dalla-dalla, don kada wata rana in ce na manta yadda aka yi. Mijin nata, Judah, kafinta ne a bayan layinmu, shekararsa goma sha tara a Birnin Gwari. Ban da aikin katako yana kiwon wasu ƙananan tsuntsaye da yake kira baji, kamar aku amma ba su wuce tafin hannu ba, kore da shuɗi da rawaya. Da sun yi mako biyu da ƙyanƙyasa yakan raba su da iyayen ya riƙa ba su abinci da hannunsa, shi ya sa in sun girma suke hawa yatsan mutum ba tsoro. Saboda Inna na yi kamun. Tun da muka ɗauko ta daga Kutemeshi bara, ta baro kajinta da zabinta, ba ta da aiki sai kallon bango. Judah ya ce in bari sai ƙarshen wata, in sun fara ci da kansu.

“Malam,” in ji Maman Susan, “jiya da 'yan sa-kai suka zo ɗaukarsa sun fasa babban kejin, duk sun tashi. Waɗannan suna cikin ɗaki ne. Na gwada ba su da cokali, zubewa kawai yake. Da za su fita da shi ya waiwayo ya ce, kai wa Ticha, shi ya iya.”

Na karɓa. Na ce Allah ya fito da shi lafiya. Ta ce amin. Ta ce tun jiya ba wanda ya leƙo su, kowa tsoro yake ji. Ta ce ta gode, har da durƙusawa.

Da ma ba ta durƙusa ba.

Litinin, 9 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi na safe

Sun ci.

Kunun kamar yadda ya koya mini: garin gero, ɗan waken suya, dafaffiyar gwaiduwa, a dama da ruwan ɗumi. A ɗiga a bayan hannu a ji zafinsa kafin a zuƙa a sirinji. Ta gefen baki ake ba su, a hankali, har 'yar jakar da ke ƙasan wuyansu ta yi tum. Sau biyar a wuni. Na roƙi hedimasta ya bar ni in riƙa zuwa gida in an tashi tara.

Ba su da kyan gani ko kaɗan. Kai ƙato, ciki tsirara, gashi tsinke-tsinke. Matata Juwairiyya ta leƙa ta ce sai ka ce 'ya'yan ƙadangare. Inna ta ce a kai kwalin ɗakinta, ya fi ɗumi. Na ce mata ga kyautar da na daɗe ina shirya mata.

“Ina mai su?”

Na ce ya yi 'yar tafiya.

“Auta, idona ne ya yi rauni, ba kunnena ba. Ina jin matan layi.”

Talata, 10 ga Oktoba, bayan La'asar

Na canja hanyar makaranta. Yanzu ta bayan kasuwa nake bi, ta fi nisa, amma ba ta ratsa teburin Habibullahi mai shayi.

Ranar Alhamis da ta wuce mutanen daji suka tare manoma a hanyar Kazage. Mutum bakwai aka binne. Har da Usama, ƙanen Salmanu shugaban 'yan sa-kan unguwarmu. Ni na koyar da Usama a aji huɗu. Washegari da safe teburin shayi ya cika, kowa yana cewa dole akwai infoma a cikin gari, in ba haka ba ta yaya suke sanin ranar da za a fita da hanyar da za a bi?

Ina wurin. Na yi magana.

Ba yau zan rubuta ta ba.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Sun ci. Ƙaramin cikinsu sai an yi ta lallashi.

Alhamis, 12 ga Oktoba, bayan Azahar

Tsuntsayen da suka tashi daga kejin suna ta sauka a kan mutane a cikin gari. Ba su san a guji mutum ba. Wata rawaya ta sauka a kafaɗar mai sayar da rake a bakin tasha, ya zabura ya buge ta. A makaranta wani kore ya wuni a kan mangwaro yana kuka, yara suna ihu a ƙasa. Na kore su zuwa aji, na tsaya na miƙa yatsa ina fito irin na Judah. Ya karkata kai yana dubana, har ya matso reshe ɗaya. Sai shirwa ta gifta, ya tashi ya nufi daji.

Sun kai talatin a kejin nan. Kowanne da sunansa.

Asabar, 14 ga Oktoba, hantsi

Maman Susan ta dawo. Ta kawo wa Inna gyaɗa dafaffiya. Ta ce 'yan sa-kai sun bar ta ta gan shi ta taga, bai iya ɗaga hannun dama ba. Sun sami lambobi da yawa a wayarsa da ba na garin nan ba. Ta ce musu masu sayen tsuntsaye ne daga Kaduna da Funtuwa, suka ce kowa ma haka yake cewa.

Ta roƙe ni in rubuta mata takardar koke da Turanci, a kai wa masu bincike. Na zauna na rubuta shafi biyu, na zaɓo kalmomi masu kyau. Na ce mutumin kirki ne, shi ya yi bencinan makarantarmu, shi ya gyara ƙofar masallacin unguwa. Ta sa hannu da sunanta na yanka, Beatrice. Nawa sunan ba ya ko'ina a jikin takardar, kuma ba ta lura ba.

Tana naɗe takardar ta ce, “Ai na san wanda ya kai sunansa.”

Biron ya faɗi daga hannuna.

“Isaiah ne, abokin sana'arsa. Tun da Baban Susan ya sami aikin bencinan nan yake jin haushi. Coci ɗaya muke zuwa, Malam, kwano ɗaya suka ci. Allah yana gani.”

Na ce kada ta yi saurin zargi. Iyakar abin da na ce ke nan. Har ta yaba mini, wai ina da kyakkyawar zuciya.

Lahadi, da hantsi

Gyaɗar tana nan a kwano. Na kasa ci.

Litinin, 16 ga Oktoba, bayan Azahar

Ƙaramin ya mutu, kuma ni na kashe shi.

Na dawo lokacin tara a gurguje. Ina cikin ba su sai na ji muryar Salmanu a waje yana gaisawa da wani. Wucewa kawai yake yi. Amma hannuna ya matsa sirinjin da ƙarfi, kunun ya fito masa ta hanci. Ya buɗe baki sau uku, ya miƙe ƙafa. Sau nawa Judah ya ce mini a hankali, Ticha, a hankali, ba famfo ba ne.

Inna ta karɓe shi daga tafina, ta naɗe shi a tsumma ta ce in haƙa rami a gindin zogale. Ba ta yi mini faɗa ba. Da na dawo na tarar ta ɗora kwalin a cinyarta.

“Daga yau ni zan riƙe su, kai ka matsa,” ta ce. “Hankalinka ba ya jikinka kwanan nan.”

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Ukun sun ci. Shuɗi ɗaya, kore biyu. Gashi ya fara rufe musu ciki.

Laraba, 18 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Ban je makaranta ba.

Sun fara tsattsagar ƙasan kwali, alamar lokaci ya yi da za a sa musu abin da za su koyi ci da kansu. Gero ya yi musu tauri yanzu. Ɗanyen kan ciyawar harkiya ake fara ba su, irin wadda ke fitowa a bakin rafi, gefen daji. Na san wurin, domin sau biyu na raka Judah a damina. Bayan sallar Asuba na ɗauki buhu da lauje na tafi.

Na cika rabin buhu ina dawowa sai ga 'yan sa-kai uku a kan hanya, Salmanu a gaba da bindigarsa a kafaɗa. Wani daga ciki ya ce in sauke buhun.

“Kai, bar shi,” in ji Salmanu. “Malam Ja'afaru ne. Ko ka manta shi ya fara ba mu haske?”

Ko buɗe buhun ba su yi ba. Ya tambaye ni jikin Inna, na ce da sauƙi. Ya rame ƙwarai, idanunsa jawur. Ya ce, “Allah ya saka, Malam. Da kowa zai riƙa faɗin abin da ya gani, da Usama yana nan.”

To bari in rubuta.

Ranar Juma'ar nan a teburin shayi kowa yana kawo nasa. Wannan ya ce a binciki masu sayar da fetur a jarka, wancan ya ce masu kai burodi ƙauye. Ni ina zaune ba wanda ya dube ni, kuma ina so a ce ni ma na san wani abu. Sai na ce, “Ni ma kullum da sassafe ina ganin Judah yana bin hanyar rafi da buhu.”

Da dariya na faɗa. Niyyata in ƙarasa in ce ciyawar tsuntsaye yake yankowa, in nuna musu cewa in ana bin irin wannan to kowa ma abin zargi ne. Amma kafin in ƙarasa, Salmanu ya ajiye kofinsa ya ce, “Kullum?” Duk suka juyo suna kallona, irin kallon da ba a taɓa yi mini ba a garin nan. Na ce, “Kusan kullum.” Na shanye shayina na tafi makaranta na koyar da lissafi.

Hanya ɗaya, buhu iri ɗaya. Ni an tambaye ni jikin Inna.

Alhamis, 19 ga Oktoba, bayan La'asar

Juwairiyya ta sani. Ta ce tun makon jiya matar Habibullahi ta gaya mata a wurin niƙa. Kwana goma tana zuba mini abinci ba ta ce uffan ba.

Na ce gobe bayan Juma'a za a zauna a zauren Mai Unguwa Abarshi, a ga ko unguwa za ta tsaya wa Judah. Na ce ina so in yi magana.

Ta ajiye tsintsiya. “Ka ce me? Ka ce tare kuke zuwa bakin dajin? Malam, wanda duk ya kare infoma sunansa ake rubutawa a ƙasan nasa. In suka ɗauke ka, ni da tsohuwa da ciki wata shida mu yi yaya?”

Na ce gaskiya ne.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne daɗin da na ji da ta faɗi haka.

Juma'a, 20 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na je. Na zauna kusa da ƙofa. Mai Unguwa ya ce akwai wanda ya san abin da ke kai Judah bakin daji? Na duba takalmana.

Asabar, 21 ga Oktoba, hantsi

Shuɗin ya fito daga kwali da kansa ya hau hannun Inna, ya bi har kafaɗa yana jan bakin ɗankwalinta. Ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun Kutemeshi. Abin da na so ke nan tun farko, ga shi na samu.

Na ce ta raɗa musu suna.

“Ba a raɗa wa ajiya suna,” ta ce. “Mai su zai zo.”

Na ce ai biyu nata ne.

“Auta, zauna.” Na zauna a bakin gado. “Ranar da mutanen daji suka shigo Kutemeshi, ka san wa ya goyo ni har bakin titi? Ba ɗan'uwa ba ne. Wani Bagwari ne da ko sunansa ban riƙe ba. Ya ajiye ni ya koma neman nasa. Kullum in na yi salla ina sa shi a addu'a, ina cewa Allah ya ba ɗana irin zuciyarsa.” Ta sauke tsuntsun daga kafaɗa ta mayar da shi kwali. “Me ya raba ka da shayin Habibullahi?”

Na gaya mata. Duka, har da kusan kullum.

Can ta ce, “Miƙo mini butata.” Na miƙa. Ta fita ta bar ni da tsuntsayen.

Lahadi, 22 ga Oktoba, bayan Azahar

Inna ba ta amsa gaisuwata da safe ba. Ta riƙe tsuntsayen, na matsa musu kunu.

Na haɗu da Isaiah a bakin kasuwa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce yau a coci ba wanda ya zauna a bencinsa, matarsa ta fita tana kuka. “Malam, kai mai ilimi ne, ka san ni. Zan yi wa Judah haka?” Na ce a'a, ba za ka yi ba. Ya ce Allah ya yi mini albarka.

Kowa sai sa mini albarka yake yi.

Litinin, ƙarfe shida na safe

Sun ci. Sun ci. Sun ci. Ba abin da na iya rubutawa sai wannan.

Talata, 24 ga Oktoba, bayan La'asar

An ce jibi za a wuce da shi Kaduna. Waɗanda aka wuce da su a baya, har yau ba a ji labarinsu ba.

Da na dawo daga makaranta na ɗauki kwalin da buhun ciyawar. Juwairiyya tana tsaye a ƙofar kicin, ta dafe cikinta. Na jira ta hana ni. Ta ce, “Ka sa hula.” Ta shiga ta rufe ƙofa.

Na isa zauren Mai Unguwa na ce ina da magana, ya aika aka kira Salmanu da liman da wani dattijo daga cocinsu Judah. Mutane suka biyo su har zauren ya cika. Na ajiye kwalin a tsakiya na buɗe. Na zazzage buhun a kan tabarma.

Ba na tuna yadda na jera maganar. Na san na ce wannan ce ciyawar, waɗannan ne masu cin ta. Na ce sau biyu na raka shi, na riƙe masa buhu. Na ce ranar da na ambaci sunansa na san haka sarai, na yi shiru. Na ce ba Isaiah ba ne, ni ne. Muryata ta riƙa yin siririya kamar ta yaron da aka tsayar gaban aji. Koren ɗaya ya fito ya hau kan ciyawar ya fara ci, duk zauren ana kallonsa, don ya fi sauƙin kallo a kaina.

Salmanu ya miƙe. “Wato wasa ka yi da mu? Ina cikin zaman makokin ƙanena ka zo ka yi wasa?”

Na ce ba wasa ba ne, tsoro ne, da son a ce na iya magana.

“Ka san abin da muka yi wa mutumin nan saboda kai?”

Na ce saboda ni, na yarda. Liman ya ce, “Salmanu, hannun da ya yi dukan dai ba na Malam ba ne. Kowa ya ɗauki nasa.” Salmanu ya fita bai yi sallama ba.

Mai Unguwa ya sa na rubuta duk abin da na faɗa. Wannan karon na sa hannu, da cikakken suna da sunan makaranta. Ya karɓa bai dube ni ba. Ya ce in kwashe ciyawata daga tabarmarsa.

Laraba, 25 ga Oktoba, hantsi

Na je gidan su Judah. Labari ya riga ni. Maman Susan tana wanki a tsakar gida, kusa da fasasshen kejin. Na yi sallama, na durƙusa daga bakin ƙofa.

Ba ta daina cuɗa rigar ba. “Takardar nan da ka rubuta mini, ka sani a lokacin?”

Na ce na sani.

“Da na kira sunan Isaiah fa?”

Na ce na sani.

“Na durƙusa maka, Malam.” Ta matse rigar ta shanya. “Ka tashi ka tafi, kar yarana su dawo su same ka.”

Alhamis, bayan Azahar

Ba a wuce da shi ba. An kira ni, na amsa tambayoyi awa uku, an karɓi wayata an duba an dawo mini da ita. A ɗakin malamai kowa ya sami abin karantawa da na shiga.

Inna ta amsa gaisuwata yau. Lafiya lau kawai ta ce.

Asabar, 28 ga Oktoba, bayan La'asar

An sake shi. Mai Unguwa da liman da dattawan coci ne suka tsaya masa. Wasu sun ce takardata ta taimaka, wasu sun ce dama an kira lambobin an tarar masu sayen tsuntsaye ne. Ban sani ba, kuma ba ni da bakin tambaya.

Daga nesa na hango shi a bayan babur. Ya tsufa.

Laraba, 1 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Sun daina karɓar sirinji, gero suke ci da kansu. Inna ta ce lokaci ya yi da za a mayar da ajiya. Ita da kanta ta goge kwalin.

Judah yana zaune a kan benci a ƙofar shagonsa, hannun dama a naɗe, rataye a wuya. Yatsu uku ba sa lanƙwasuwa. Na ajiye kwalin a gefensa na tsuguna a ƙasa. Ya buɗe da hagu, ya yi fitonsa. Duk ukun suka ɗaga kai. Ya ɗauki shuɗin ya juya shi, ya hura gashin ƙirjinsa, ya duba ƙafafu.

“Ina na huɗun?”

Na gaya masa yadda aka yi.

“Na ce maka a hankali.” Ya mayar da shi. “Amma waɗannan sun yi kyau. Wa ya riƙe maka?”

Na ce Inna.

“Na ga alama.”

Na ce, “Judah, ka yafe mini.”

Ya daɗe yana kallon hannunsa. “An gaya mini abin da ka faɗa a wurin shayi. An gaya mini wanda ka faɗa a zaure. Duka biyun na ji. Kwana goma sha takwas ne a tsakaninsu, Ticha, ni na ƙirga su a can.” Ya rufe kwalin. “Ba yau ba.”

Na ce to.

Ya ce ranar Asabar za su koma Kagoro wurin 'yan'uwa, ba ya iya riƙe zarto yanzu. Ya ce hanya ta yi wa tsuntsayen nisa, kuma sun saba da hannun tsohuwa. “Ka mayar mata. Ka ce ni na ba ta. Ni, ba kai ba.”

Haka na faɗa mata, kalma da kalma. Ta karɓa da hannu biyu.

Asabar, 4 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Sun tafi.

Na je da wuri ba wanda ya kira ni. Isaiah yana can yana ɗora kaya a motar, ya gan ni ya kau da kai. Na kama gado da shi muka ɗora, na ɗauki akwatunan kayan aiki, na ɗauki buhunan masara. Ba wanda ya ce in bari, ba wanda ya ce sannu. Liman ya zo ya yi musu addu'ar hanya. Salmanu bai zo ba, amma an ga wani ya ajiye jarkar man gyaɗa a gefen motar ya ce daga gidan su Salmanu ne.

Da aka gama lodi Judah ya jefa igiya ta saman kayan da hagu, ya tsaya yana kallon bakinta, ba hannun ɗaurewa. Na karɓa na ja da dukkan ƙarfina, na ɗaure a jikin ƙarfen motar, na ƙulla sau uku. Maman Susan ta zo ta tsaya a kai. Ta sa yatsu ta kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ta sake ja, ta ɗaure da kanta. Sannan ta shiga gaba ta ja ƙofa.

Direba ya ce a yi sauri kada ayarin jami'an tsaro masu rakiya ya tashi ya bar su. Motar ta fara tafiya, sai Judah ya leƙo ta taga.

“Ticha! Shuɗin nan mace ce, duba fatar hancinta. Kar ka haɗa ta da 'yan'uwanta in sun girma, a nemo mata wani.”

Na bi motar da gudu kaɗan ina tambaya a ina zan samo. Ya ɗaga hannun mai bandeji, ban sani ba ko amsa ce ko sallama. Suka sha kwana.

Na tsaya a titi har Isaiah ya zo wucewa da kekensa. Ya ce in matsa, na tare hanya. Na matsa.